Suyar gahawa a gida: yadda ta yau za ta yi daidai da ta jiya

Kowa zai iya zuba ɗanyar gahawa a kasko ya juya har ta yi ja. Wata rana ma sai a dace, ta fito da ƙamshin da zai sa maƙwabta su leƙo su tambayi me ake dafawa. Wahalar tana zuwa ne bayan mako guda, ranar da aka so a maimaita. Ƙwayar ita ce dai, kaskon shi ne, mai suyar ma bai canza ba, amma abin da ya sauka a kofi ya zama wani abu daban: ko ɗaci kamar maɗaci, ko tsami mai warin ɗanyen wake. A nan ne mutane da yawa suke saduda, su ce abin sai mai hannu. Ni ban yarda da wannan magana ba, kuma zan faɗi dalilina.

Yawancinmu a nan Abuja mun san gahawa ne ta gwangwanin Nescafé da ke teburin mai shayi, ko kuma mai launin ruwan ɗorawar nan da ake zuba wa alhazai a ƙananan kofuna tare da dabino a Makka da Madina. Sai da shagunan shan gahawa suka yawaita a Wuse II da Maitama da Jabi mutane suka fara ɗanɗana wadda aka soya kwana-kwanan nan aka niƙa a gabansu, suka gane akwai tazara mai nisa. Kuɗinta ne babu daɗin ji. Ga shi kuwa ƙasar nan tana noma ta. A tsaunin Mambila, cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, inda tudun ya kai kimanin mita 1,500 sama da teku, ana noman nau'in Arabika, haka ma a wasu sassan Filato. Nau'in Robusta mai jure zafi ya fi yi a wuraren da ba su da tudu sosai, irin su Kogi da Ondo. Cibiyar binciken koko da ke Ibadan, wato CRIN, wadda aka kafa a 1964, gahawa na cikin amfanin gonar da aka ɗora mata kula da su, kuma tana da reshe a Mambila. Sai dai ɗanyar ƙwayar ba ta zube a kasuwar Wuse ko Utako kamar wake da shinkafa. Sai an yi cigiya wajen masu kawowa daga Mambila ko Jos, ko masu sana'ar suyar, ko wani mai dawowa daga Habasha. In an same ta kuwa, tana ajiyuwa watanni, alhali soyayyiya cikin makonni ƙamshinta yake fara gudu.

Suyar gida kuma ba baƙon abu ba ce. A Habasha, asalin itacen, har gobe uwargida ce ke soya ta a gaban baƙi, ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin kafin a daka. A Sudan, inda Hausawa suka zauna a garuruwan hanyar aikin Hajji, a kan gawayi ake soya ta har ta yi duhu, a daka a turmi, a dafa da citta. Kalmar kanta daga Larabci muka aro ta, kuma Sufayen Yaman sun sha ta tun ƙarni na 15 don raya dare da zikiri. Duk waɗannan ba su da na'ura. Kasko ne da wuta da kunne.

A unguwarmu akwai wata dattijuwa mai suyar gyaɗa, wadda ban taɓa sayen ƙonanniya ko ɗanya a hannunta ba. Wata rana na tsaya ina kallonta na ce, "Iya, me ya sa gyaɗarki kullum iri ɗaya take fitowa?" Ba ta ko ɗago kai daga juyin da take yi ba ta ce, "Ɗan nan, kaskon ɗaya ne, yashin ɗaya ne, kwanon awon ma ɗaya ne. To me zai canza ta?" Abin da muke kira hannu, shi ne wannan. Ta tsayar da komai wuri guda shekara da shekaru, har jikinta ya haddace. Mai suyar gahawa sau ɗaya a mako ba shi da waɗannan shekaru, don haka abin da jikinta ya haddace shi sai ya ɗora wa agogo da sikeli da littafi.

Kafin a zo nan, ya kamata a san abin da ke faruwa a cikin ƙwayar. Ɗanyar gahawa ba ta da wani ƙamshi sai na ciyawa. Kore-kore ce mai toka-toka, da tauri kamar tsakuwa, kuma kashi 10 zuwa 12 cikin 100 na nauyinta ruwa ne. Mintunan farko a kan wuta na korar ruwan nan ne, ido ba ya ganin wani abin kirki. Sai ta koma ruwan ɗorawa, warin ciyawar ya juye ya zama kamar na burodi a tanda. A nan ne sukarin da ke cikinta yake fara haɗuwa da sinadaran furotin, haɗuwar da ke sa bayan burodi ya yi ja, tsire ya yi ƙamshi. Masana suna kiran ta da sunan wani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, wanda ya bayyana ta a 1912. Daga nan launi ya yi ta duhu, tururi da iska suna taruwa a cikin ƙwayar har su fi ƙarfinta, ta tsage da ƙara: ƙas, ƙas, kamar ana karya busassun ƙirare, ko gugguru mai ƙaramar murya. Wannan ita ce fashewar farko, kuma takan zo ne idan zafin ƙwayar ya kai wajen digiri 196 a ma'aunin Salshiyas. In aka ci gaba, ƙarar ta lafa, sannan wajen digiri 224 wata ta taso, siririya mai sauri, kamar ana taka busasshen ganye. Ita ce fashewa ta biyu. A lokacin maiƙo ya fara fitowa a jikin ƙwayar, hayaƙi ya yi kauri ya koma shuɗi-shuɗi. Abin da ke gaba da wannan gawayi ne.

Duk rigimar tana tsakanin fashewar nan biyu, tazarar da ba ta wuce 'yan mintuna ba. Kusa da ta farko gahawa tana da ɗan tsami mai daɗi irin na 'ya'yan itace, da ƙamshin ƙasar da ta fito. Da ana matsawa tsamin yana raguwa, zaƙi irin na alewar da aka ƙona kaɗan yana shigowa, sannan ɗaci ya rufe komai. Sakan 30 a wannan wuri ya fi minti 2 na farkon suya tasiri. Wanda ya je amsa waya a nan ya dawo, wata gahawar zai tarar.

To, abin da za a fara tsayarwa shi ne ƙwayar. Mai koyo ya sayi kilo biyu na iri ɗaya ya fi masa alheri a kan ya tara 'yan ƙulle-ƙulle iri biyar, domin kowane iri da yadda yake karɓar wuta. Arabikar kan tudu tana da tauri, tana jure zafi. Wadda aka shanya da ɓawonta ta fi saurin babbakewa a kan wadda aka wanke kafin shanya, ta kuma fi zubar da ƙaiƙayi. Kafin suya a baje ta a faifai a tsince, kamar yadda ake tsintar wake: tsakuwa, da baƙaƙe, da waɗanda ƙwaro ya huda, da karyayyu, da masu alamar fumfuna. Ƙwaya guda mai fumfuna tana iya ɓata kofi. Idan manya da ƙanana sun gauraya sosai a ware su, domin ƙananan za su ƙone manyan ba su kai ba.

Sai awo. A nan ba na sassauci: a sayi ƙaramin sikelin girki mai nuna giram. Ya fi kowane kayan aiki da za a saya amfani. A zaɓi nauyi guda, a ce giram 200, a tsaya a kai. Wanda ya zuba 150 yau, gobe 250, ya canza yawan abin da wutar za ta ɗumama, kuma duk lissafin lokacinsa ya rushe.

Kasko ya zama mai kauri, mai ɗan zurfi. Tukunyar ƙira irin ta maƙeranmu tana yi, tana riƙe zafi ba ta sakinsa da wuri. Siririn kasko yana ƙona inda harshen wuta ya taɓa ya bar sauran. Wanda aka shafe cikinsa da baƙin abin nan mai hana kamu bai dace ba, busasshen zafi mai yawa yana lalata shafen. Kuma a keɓe shi ga gahawa kaɗai, don tana ɗaukar warin mai da albasa. Wani zai ce me zai hana a yi dabarar Iya, a soya cikin yashi tunda yana raba zafi daidai? Ƙwayar gahawa tana da tsaga a cikinta, yashi yana maƙalewa a ciki, ya lalata abin niƙa ya kuma sauka a kofi. Aikin da yashi ke yi wa gyaɗa, a nan muciya ce za ta yi shi, wato juyi ba tsayawa daga zubawa har saukewa.

Wuta ce ta fi wuyar tsayarwa. Gas ya fi sauƙin sarrafawa, kuma dabarar ita ce a sa alama a jikin abin murɗawar, ko da ɗigon jan farce ne, a san inda ake farawa da inda ake ragewa. A ɗora kaskon babu komai na wani ƙayyadadden lokaci, misali minti 3, kullum haka, sannan a zuba. Gawayi yana yi, amma zafinsa yana hawa yana sauka, sai an auna yawansa kuma an jira harshen ya mutu, toka ta fara rufe garwashin. Na'urar yin gugguru ta lantarki ma wasu suna amfani da ita, sai dai kaɗan take ɗauka, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar suya, wannan zubin ya tafi, domin ƙwayar da ta huce ba a mayar da ita ta yi daɗi.

Yanzu ga yadda suya guda take tafiya a wurina. Nakan yi ta a waje da rana, don hasken ƙwan lantarki yana yaudarar ido, kuma hayaƙin ba na cikin ɗaki ba ne, balle gidan da ke da yara ko mai ciwon asma. Kafin in kunna wuta komai yana kusa: faranti mai faɗi ko rariyar ƙarfe, fanka ko mafici, littafi da biro. Da na zuba sai in danna agogon waya. Wajen minti 5 ƙwayar ta yi ruwan ɗorawa, in rubuta. Siririn ɓawo irin na jikin gyaɗa ya fara tashi, in hure shi gefe don kada ya faɗa wuta ya kama. Tsakanin minti 9 da 12 nake sa ran fashewar farko. Ƙwaya ɗaya ko biyu sukan yi gaggawa, ba na lissafa su. Sai na ji uku, huɗu suna bin juna nake rubuta lokacin, in kuma rage wuta kaɗan, domin daga nan ƙwayar ta bushe kuma zafi yana hawanta da sauri. Daga wannan lokaci nake ƙirga minti ɗaya da rabi zuwa biyu, in juye. Juyewar ba ita ce ƙarshen suya ba. Zafin da ke cikin ƙwayar yana ci gaba da aiki, don haka a baje ta nan take, a sa mata fanka, a riƙa bakacewa har ƙaiƙayin ya fita, ta huce cikin minti 3 ko 4. Kada a yayyafa mata ruwa.

Idan ta huce a mayar da ita kan sikeli. Wannan ne shaidar da ba ta ƙarya. Suya tana cinye nauyi, ruwa ya fita, wasu sinadarai sun tashi, kuma yawan abin da ya ragu yana nuna zurfin suyar fiye da yadda ido zai nuna. Giram 200 da ya dawo 174 ya rasa kashi 13 cikin 100, suya ce mai haske. In ya dawo 170, kashi 15 ke nan, matsakaiciya. In ya sauka 164, kashi 18, ta yi duhu. Idan ta makon jiya da ta yi maka daɗi ta fito 170, ta yau kuma 166, ka san tun kafin ka ɗanɗana cewa ka zarce, ka kuma san da nawa. Akwai ƙaramin gwaji na biyu: a fasa ƙwaya guda a duba cikinta. In bayan ya yi duhu cikin yana da haske, wutar ta yi yawa, an ƙona waje an bar ciki ɗanye. Irin wannan ce take haɗa ɗaci da tsami a kofi guda, mutum ya rasa ta inda zai gyara.

Mai ma'aunin zafi irin wanda ake haskawa daga nesa ya yi amfani da shi, amma kada ya damu in lambarsa ba ta zo daidai da 196 ba. Fatar ƙwaya da jikin kasko yake karantawa. Lambar da ya nuna maka ranar da suya ta yi kyau, ita ce taka.

Akwai kuma abin da ba ya tsayuwa ko an tsayar da komai, wato yanayin garin nan. Wata safiya cikin hunturu na yi komai yadda na saba, alamar wuta ɗaya, awo ɗaya, amma minti 12 ya wuce shiru, 13 shiru, sai wajen 15 na ji wata raunanniyar fashewa. Da na duƙa na leƙa ƙarƙashin tukunyar sai na ga iska ta kwantar da harshen wutar gefe guda, rabin zafin yana tafiya a banza. Gahawar ta yi launi mai kyau, amma a baki lami ce, kamar an jiƙa takarda. Haka suyar da ta daɗe da yawa a kan raunanniyar wuta take fitowa. Tun daga ranar nake kafa wani guntun kwano ya tare iska. A watan Maris, lokacin da zafin Abuja ke haura digiri 35, akasin haka ake gani: kasko da ƙwaya sun riga sun ɗumama, komai ya zo da wuri. Da damina ɗanyar ƙwaya tana shan laima idan an bar ta a buɗe, sai ta ƙara lokaci, wani sa'in ma ta yi fumfuna. A ajiye ta a rufe, nesa da ƙasa, nesa da daddawa da yaji da kananzir. Tukunyar gas da ta kusa ƙarewa ma harshenta yakan yi rauni ko da alamar tana inda take. Zubi na biyu a rana guda kuma kullum ya fi na farko sauri, sai an bar kaskon ya huce ko an rage lokacin ɗumama shi. Saboda haka ne nake son a rubuta lokacin da ta yi ruwan ɗorawa: in ta makara a nan, akwai sauran damar ƙara wuta kaɗan kafin a yi nisa.

Kuskuren da ya fi cin masu koyo shi ne gyara abu uku a lokaci guda. Ta yi ɗaci, sai ya rage wuta, ya rage lokaci, ya ƙara ƙwaya. In ta gyaru bai san wanne ya gyara ta ba, in ta lalace haka. A canza abu guda a bar sauran. In tana warin ciyawa da tsami mai kama baki, a ƙara sakan 20 ko 30 bayan fashewar farko. In tana warin toka, a rage. In jikin ƙwayar ya yi baƙaƙen tabo, kaskon ya yi zafi da yawa lokacin zubawa ko juyin ya yi sanyi. Waɗanda suka ƙi yin launi, suka tsaya fari-fari a cikin 'yan'uwansu, ba laifin mai suya ba ne, tun a gona aka tsinke su ba su nuna ba. A tsince su a zubar.

Kada kuma a yanke wa suya hukunci a ranar da aka yi ta. Sabuwar gahawa cike take da iskar da suyar ta haifar, tana fita a hankali, kuma ɗanɗanon ba ya daidaita sai bayan kwana 2 zuwa 4. A zuba ta a kwalba mai murfi, a bar murfin sako-sako a daren farko, sannan a ɗaure, a ajiye inda babu rana. Ranar gwaji a riƙa dafa ta hanya ɗaya: giram 15 a ruwa mililita 250, ruwan da ya tafasa aka sauke ya ɗan sarara, niƙa iri ɗaya. In a turmi ake daka, kada ya zama wanda ya taɓa ganin yaji. A kurɓa ba sukari, ba madara, ba citta, ko da cokali biyu ne, kafin a haɗa yadda rai ke so. Citta da kanumfari suna rufe aibi da yawa, kuma mai koyo yana bukatar ya ji aibin.

Babu zurfin suya guda da ya wajaba a kan kowa. Mai son irin ta Saudiyya zai sauke tun kafin fashewar farko ko a bakinta. Mai son irin ta Sudan zai kai ta bakin ta biyu ko ya ɗan shiga. Ni dai ina ganin asara ce a kai Arabikar Mambila har ta yi maiƙo, don abin da tudu da sanyi suka zuba mata shi ne yake fara ƙonewa. Robusta ta fi ɗaukar duhu, musamman ga mai sha da madara. A sani kuma duhun suya ba ya ƙara sinadarin da ke hana barci, ɗaci kawai yake ƙarawa. Nau'in ƙwayar ne ke da ta cewa a nan, Robusta ta kusa ninka Arabika.

Abin da za a shanye cikin mako biyu ko uku shi za a soya, a riƙa niƙa na rana da rana. Daga zubin da ya fi daɗi a ware ƙwaya goma a ƙaramar kwalba, a rubuta kwanan wata da nauyin da ta fito, a riƙa ajiye ta kusa da kasko ana gwada launi. Idan buhun ya ƙare aka kawo sabo, ko daga gona ɗaya ne, lokutan za su ɗan gusa, domin girbin bana da na bara ba sa riƙe ruwa daidai. A buɗe sabon shafi a littafin, a yi zubin farko da tsohuwar alamar wuta da tsohon awo, a ga a minti na nawa sabuwar za ta fashe.